Yadda ake fita yawon keke a karkarar Damagaram, daga duban iska har hawan tudu

Ranar da na san keke yana da nasa karatu, wata Lahadi ce cikin watan Janairu. Na fita daga Zinder bayan sallar asuba na miƙi hanyar Takeita, keken yana gudu kamar wani ne ke taka mini. Na wuce Tirmini ban ji komai a cinya ba, har na fara raya wa kaina cewa da a Faransa aka haife ni, da tuni ana nuna ni a talabijin cikin masu tseren zagayen ƙasar. Sai da na sha shayi a Takeita na juya kan keke wajen ƙarfe goma, sannan na san wanda ya kawo ni. Ashe iskar hunturu ce ta yi ta tura ni ta baya tun daga gida, yanzu kuma ga ta a gabana ta ƙara ƙarfi, da ƙura, da yashi mai shiga haƙori. Kilomita 50 ɗin da na cinye kafin hantsi suka zame mini dutse. Azahar ta same ni a gindin wani gawo, gora ba ruwa, ƙafa na rawa. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya, ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Yaro, kai da wa kuka yi faɗa?" Na ce, "Baba, da iska." Ya yi dariya ya miƙo mini gorar furarsa, ya ce in ɗora keken a kan kara in hau. Haka na shiga ƙauyensu, zaune bisa karan hatsi, rungume da keke, yara na bi suna kallo.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga gindin gawon nan ya samo tushe. Ƙasarmu ta Damagaram ba ta da dogayen tsaunukan da ake awa guda ana hawa. Muna da duwatsu manya-manya kamar an jibge su da hannu, muna da tudu da kwari gajeru masu bin juna, sai kuma iska, wadda ita ce babban hawanmu. Wanda ya iya lissafi da ita zai ji daɗin hanyoyin nan ko da kekensa na kai niƙa ne.

Da farko, dubi wata, dubi iska

Lokacin keke a nan shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Safiya da sanyi, rana ba ta yi zafin kisa ba, an gama girbi, ana hango ƙasa har nesa in ba ranar hazo ba. A watannin nan iska daga gabas maso arewa take busowa, ɗauke da ƙurar da ta taso tun daga wajen Cadi. Tana da hali guda da ya kamata ka riƙe: da asuba kwance take, sai rana ta ɗaga ta dumama ƙasa, wajen ƙarfe tara zuwa goma, take miƙewa da ƙarfinta.

To ga dabarar. Ka fita kana fuskantar inda take fitowa tun tana barci, ka juyo lokacin da ta farka, ta turo ka gida. Wato da hunturu gabas ake nufa, hanyar Mirya. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, sai ka nufi Tirmini ko Dogo ka dawo da ita a baya. Kafin ka fita, dubi tutar wata ma'aikata, ko hayaƙin mai ƙosai, ko ledar da ta maƙale a ƙaya, za su gaya maka gaskiya fiye da wayarka.

Dalilin da ya sa iska ke gallaza wa mai keke haka, lissafi ne. Turjiyarta ba a hankali take ƙaruwa ba. In gudun iskar da ke bugun ƙirjinka ya ninka biyu, nauyinta a kanka ninkawa huɗu yake yi. Kana gudun kilomita 20 a awa, iska mai gudun 20 ta taho ta gaba, to jikinka na 40 yake ji. Shi ya sa mutum yake taka feda a shimfiɗaɗɗen wuri yana haki kamar mai hawan dutse.

Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ni ba na wuce bakin gari, kuma kafin ƙarfe tara ina gida. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango bishiyar da ke gabanka da kyau, ajiye keken. Direban da ke bayanka ma ba ya hango ka.

Keken, tun da dare

Ba sai ka mallaki keken tsere mai siririyar taya ba. Gaskiya ma a hanyoyinmu, inda kwalta kan yanke ka faɗa burji ko yashi, taya mai ɗan faɗi ta fi rufin asiri. Abin da nake so keke ya samu shi ne giya mai aiki da birki mai kamawa. Gwanjon da ake sayarwa a gari ya isa, in an kai shi wurin mai gyara ya duba.

Daren da za ka fita, yi waɗannan, kada ka bari sai asuba kana lalube cikin duhu.

Daidaita sirdi. Ka hau ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Yawancin mutanenmu sirdinsu ya yi ƙasa da yawa, shi ne ke kawo ciwon gwiwa bayan tafiya mai nisa, sai a ce sanyi ne.

Buga iska a taya gwargwadon abin da aka rubuta a gefenta, amma kada ka kai ta maƙura, don kwalta mai zafi tana ƙara mata. Juya kowace ƙafa a hankali kana shafa tayar da yatsa, ka cire duk ƙayar da ta soke ba ta ƙarasa shiga ba. Matsa birkin gaba ka tura keken, matsa na baya ka tura. In hannun birki yana taɓa kan keke kafin ya kama, a ja wayar.

Sarƙa kuma, a nan mutane ke kuskure. Suna zuba mata baƙin man inji har yana ɗiga, ƙura ta zo ta manne, ya zama kamar an shafa mata yashi da gangan, ya yi ta cin haƙoran giya. Goge ta da tsumma, ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, juya feda baya, sannan ka sake gogewa har ta kusa bushewa a ido.

A 'yar jakar da za ka ɗaure ƙarƙashin sirdi: famfo, tub sabo guda, kayan faci, ƙarfen ɓamɓare taya biyu, da sifana daidai da notocin kekenka. A aljihu: katin shaidar ɗan ƙasa, saboda shingen jandarma da 'yan sanda a mafitar gari, da canji kamar jaka ɗaya ko biyu, ba takarda babba ba, don mai shayin ƙauye ba shi da canjin jaka goma da sassafe. Hular kwano kuwa za a yi maka dariya a unguwa kwana biyu, daga nan a saba. Sa ta. Ka kuma gaya wa wani a gida hanyar da ka bi da lokacin da za a ga dawowarka.

Ruwa

Ɗan Damagaram ba a koya masa darajar ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu ma daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza. To ka fita da wannan tunanin. Lissafina rabin lita zuwa lita guda a kowace awa, gwargwadon zafi. Iskar hunturu mayaudariya ce, tana busar da gumi tun bai fito ba, sai ka ɗauka ba ka yi zufa ba, alhali farin gishiri ya kwanta a wuyan rigarka. Kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan minti goma sha biyar, kada ka jira ƙishi.

Gora biyu nake ɗauka. Ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma irin haɗin da ake yi wa yaro mai gudawa: lita guda, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ka naɗe gorar da tsohuwar safa ka jiƙa ta, iska za ta sanyaya maka ita kamar randa. Guzuri kuwa dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ko alkaki in an yi a gida. Kafin fita koko da ƙosai kaɗan sun isa. Kilishi bar shi sai an dawo, ƙishirwa yake jawowa.

Wace hanya?

Sati biyun farko kada ka bar gari. Zinder kanta makarantar hawa ce. Ka fito da sassafe kafin kabu-kabu su cika titi, ka zaga tsakanin unguwannin Zango da Birni, ka bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram, ka leƙa lungunan da gidajen ƙasa suka jingina da duwatsu har ba ka rabe inda gini ya tsaya dutse ya fara. A nan za ka ga ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun. Duk inda ka ga titi ya ɗan ɗaga, hau shi, sauko, sake hawa, sau biyar ko shida. Titunan da aka gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018 sun sauƙaƙa wannan. Abu guda: wajen tsohon barikin da Faransawa suka gina bisa dutse wurin soja ne, wuce kawai, waya na aljihu.

In ƙafa ta fara sabawa, sai Mirya. Wannan ita ce hanyar da nake kai duk wanda ya ce in koya masa, kuma ita ce har gobe ban gaji da ita ba. Kilomita 18 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Zinder ta nufi Gure da Difa. Zuwa da dawowa 36, daidai ƙarfin sabon shiga. Kana barin gidajen ƙarshe, rana na fitowa a gabanka ja wur cikin ƙura, duwatsu na bayyana ɗaya bayan ɗaya, wani a ɗore kan wani kamar tsawa kaɗai ta isa ta ture shi, amma tun kakanni yana nan. Daga nan gonaki, karan hatsi a tsaye ko a ɗaure, rumbuna a gefen ƙauye. Alamar ka kusa ita ce kuka. Ƙasar Mirya ƙasar kuka ce, ga su nan jibga-jibga, an sassabe musu rassa don ganyen miya, sun tsaya kamar dattawan da suka ɗaga hannu suna addu'a. Sai kuma sanyin lambu ya buge ka, da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya, abin da hancin ɗan birni ya manta tun ƙarshen damina.

Lahadi ce kasuwar Mirya, kuma garin ya yi suna da tukwane. Ranar kasuwa tafiyar ta fi armashi, ta kuma fi haɗari, don hanyar cike take da amalanke, jakuna, raƙuma, da motocin da aka yi wa lodi har sama. In kana son kallo, je ran Lahadi ka taka a hankali. In gudu kake so, zaɓi wata rana. Kada kuma ka yi irin tawa, ka sayi tulu ka ɗaure a bayan keke. Kasko na kai gida.

Mai neman tafiya ta yini guda ya zarce Gidimuni, sama da kilomita 60 daga Zinder a kan hanyar nan dai. Bayan tsandauri da jigawa, kwatsam ka hango tafki a cikin kwari, dabino da rake da lambuna sun kewaye shi, tsuntsayen ruwa na shawagi. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya. Sai dai zuwa da dawowa ya haura kilomita 120, ba tafiyar mutum ɗaya ba ce kuma ba ta wanda ya fara jiya ba. Ku zama uku ko huɗu, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ranar, kuma ba abin kunya ba ne a ɗora kekuna bisa mota a dawo.

Yamma, hanyar Tirmini, ita ce ta damina. Tudu da gangara suna bin juna, ga hatsi kore shar har iyakar gani. Duk lokacin da na iso nan nakan sauka in ɗan tsaya, don a Tirmini ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa a Yulin 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Kazamaju, wani hafsan Faransa, a Zinder. Daga wannan karon garin Zinder ya faɗa hannun Nasara, har ya zama hedkwatar mulkinsu kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Yau gonaki ne da awaki. In ka zarce Takeita, can hanya ta rabu, ta kudu ta nufi Matamai da iyakar Najeriya.

Kudu, hanyar Magarya ta Dogo da Bande, ita ce hanyar gawo. Da rani, lokacin da komai ya bushe, shi yake kore, da damina kuma ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun daɗe da barin tsiron da ya fito da kansa a gona suna yi masa sassabe har ya girma, shi ya sa yankin ya cika da itace har baƙi ke zuwa kallo. Ga mai keke amfaninsa inuwa, kusan duk inda ka gaji akwai wurin zama. Dogo kimanin kilomita 35 ne, ya isa juyawa.

Arewa, hanyar Tanut da Agadas, ba na kai sabon shiga. Matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 tana wannan hanyar, tankokin mai ba sa yankewa, inuwa kuma kaɗan ce.

Hawan tudu

In ka ji an ce hawa kashi 5 cikin 100 ne, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5. A ido ba komai ba ne. A cinya, bayan kilomita 30, wani abu ne. Tudun da ke hanyoyinmu gajeru ne, kuma gajartarsu ce ke yaudarar mutum ya afka musu da ƙarfi, ya ƙare a tsakiya.

Tun kana hango tudun, sauya giya zuwa mai laushi kafin feda ta yi nauyi. A baya, babban faifai shi ne mai laushi. A gaba kuwa ƙarami. In ka bari sai kana tsakiyar hawa kana danna feda da dukkan ƙarfinka sannan ka sauya, za ka ji ƙarar ƙas-ƙas, wata rana sarƙa ta tsinke ko ta zame. In dole ka sauya a tsakiya, sassauta ƙafa na daƙiƙa guda, giyar ta shiga, ka ci gaba.

Zauna a sirdi, ka ɗan ja baya, hannu a sake, kafaɗa a sauke. Ƙafa ta riƙa juyawa da sauri-sauri ba nauyi, kamar sau 80 a minti. Ga yadda za ka gane: ƙirga sau nawa gwiwar dama ta ɗago cikin daƙiƙa 15, in ka samu wajen 20 kana daidai. Samari suna son babbar giya, suna taka ta da ƙyar suna lanƙwasa jiki hagu da dama, wai ƙarfi. Gwiwa ce ke biyan bashin daga baya.

Raba tudun uku a ranka. Kashin farko taka kamar mai jin kunya, ƙasa da abin da za ka iya. Na biyu riƙe abin da kake kai. Na uku, in da saura, zuba shi. Ma'aunin shi ne numfashi: in za ka iya amsa sallamar mai wucewa har ka ce masa "ina gajiya" ba tare da maganar ta yanke ba, kana daidai. In "wa alaikumus salam" ta gagare ka, sauke giya.

Miƙewa tsaye a kan feda yana da wurinsa, ga ɗan guntun da ya yi tsaye sosai ko don hutar da mazaunai. Kafin ka miƙe ƙara giya ɗaya mai nauyi, ka bar keken ya riƙa rausaya ƙarƙashinka, taku goma ko goma sha biyar, ka koma ka zauna. A kan burji mai tsakuwa kuwa kada ka miƙe, tayar baya za ta yi ta juyawa a banza don ba nauyi a kanta.

Kada ka zuba wa ƙolin ido. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma sau da yawa abin da ka ɗauka ƙoli ne, kana isa sai ka ga wani a bayansa. Zaɓi wata aduwa ko wani dutse a gefen hanya ka ce can za ni, in ka isa ka zaɓi wani. Kana kaiwa sama kuma kada ka saki feda nan take, ƙara taku kaɗan har keken ya kama gangara, sannan ka sha ruwa.

In tudu da iska suka haɗu maka a gaba, sunkuya, matse gwiwar hannu jikinka, cusa babbar riga cikin wando kada ta zame maka tanti. In kuna da yawa ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare iska minti biyu ya koma baya, na biye ya karɓa. Wanda ke laɓe a baya yana samun sauƙi mai yawa, har ya ji kamar an rage masa kaya. Sharaɗin shi ne na gaba ba ya taka birki ba zato, kuma yana nuna rami da hannu.

Wanda kekensa ba giya, ya ɗauko gudu tun daga kwari, in ya ƙare ya sauka ya tura. Masu kai itace da gawayi birni haka suke yi kullum da lodin da ya fi su nauyi, ba wanda ya taɓa ce musu rago.

Gangara, da abin da ke jira a ƙasa

Faɗuwar da na gani da idona, mafi yawanta a gangara ne. Ja jiki baya, yatsu biyu a kan kowane birki, matsa su tare a hankali kana saki, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Abin tsoro yana ƙasan kwari, inda ruwan damina ko iska suka kwantar da yashi a kan kwalta. In ka shiga yashi da gudu, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka juya kai, riƙe shi sak ka ci gaba da takawa har ka fita.

Da damina, in ka ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, nemi ƙauye mafi kusa tun iskar farko ba ta iso ba. Kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada ka hau kan dutse kallo, kada kuma ka ratsa korama tana gudu, ko da a idon sawu take.

Masu hanya

Dama ake bi, kuma babbar mota ba ta san da kai ba. In ka ji kamiyo a baya ga wani yana tahowa ta gaba, sauka daga kwalta tun da wuri, ka tsaya in ta kama. Riƙe kan keke da kyau lokacin da ta gifta, iskarta tana fara ture ka sannan ta jawo ka. Akuya ba ta da alƙibla, in uwa ta tsallaka to 'ya'yan na tafe. Garken shanu tsaya ka bar su su wuce, ka gaida makiyayi. Kare kuwa in ya biyo ka, sauka ka sa keken tsakaninku, yawanci nan yake tsayawa.

In ka shiga ƙauye rage gudu, yi sallama ga dattawan da ke gindin bishiya, "sannunku da hutawa, Baba," kafin ka tambayi rijiya ko mai faci. Kada ka ɗauki hoton mata a bakin rijiya ko masu ginin tukwane ba da izini ba.

In taya ta sace

Za ta sace. Ƙasar tsaidau da aduwa da farar ƙaya ce, musamman in ka tura keken cikin gona neman inuwa. Gara ka ɗauke shi a kafaɗa. In abin ya faru, nemi inuwa, kifa keken, cire ƙafar. Sa ƙarfen ɓamɓarewa ka fitar da gefe ɗaya na tayar, zaro tub. Kafin ka sa sabo, shafa cikin tayar da yatsa a hankali har ka zagayo, don ƙayar tana nan a maƙale, in ba ka cire ta ba sabon ma minti biyar zai yi. Hura wa sabon iska kaɗan ya yi siffa, fara sa bakin tub ɗin a raminsa, cusa sauran, mayar da taya da hannu ba da ƙarfe ba, kada ka cije tub ɗin. Duba ko'ina bai leƙo ba, sannan ka buga iska.

In ta sake sacewa, sai faci. Buga wa tub iska ka kai shi kusa da leɓe, za ka ji inda take fita. Shafa miyau ka ga kumfa. Kankare wurin ya yi kaushi, shafa gam sirara, ka jira ya bushe har ya daina ƙyalli. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen gam ita ke ɓata faci. Manna, danna da babban yatsa minti guda, mayar.

Kana isowa gida, kafin ka zauna, goge sarƙa da tsumma, juya tayoyin ka cire ƙayar ranar, ka wanke gora ka kifa ta. Tub ɗin da ya huje ka yi masa faci a daren, ka naɗe shi ka mayar cikin jakar ƙarƙashin sirdi.